Uwar Ɗaki Ta Rasu, Akwatin Wutar Gwanjo Ne Sanadi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki ɗaci wanda har yanzu ba a samo masa suna mai ladabi ba, Mai Hoto na shago na uku daga kwana, da maiɗakinsa, da duk wanda ya taɓa zama a bencinsa yana jiran a fito masa da fuskarsa, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsu, wadda aka fi sani da Uwar Ɗaki. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, a kan teburinta, tana tsakiyar aiki, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Wannan sanarwa za ta faɗi wanda ya yi sanadi, da inda rumfarsa take, da lokacin da yake buɗewa.

A yi haƙuri da rubutun. Da biro aka yi shi, domin wadda ta saba buga wa mutane irin wannan sanarwa ita ce yau a kwance.

Marigayiya ta shigo shagon sabuwa fil, cikin kwalinta, da ledarta a jiki, kuma a riƙe wannan magana don za a dawo kanta. Maiɗakin Mai Hoto ce ta raɗa mata suna, ranar da ta lura cewa rufin gidansu da takalman yara da maganin tarin maigida duk daga cikin wannan baƙin akwati suke fitowa. Ta ce to ai wannan ba na'ura ba ce, uwar ɗakinmu ce. Sunan ya bi ta har ranar da ta bar duniya.

Kowa ya shaide ta da rufin asiri. Shekara goma sha ɗaya tana ganin fuskokin mutanen layin nan yadda aka halicce su, da ƙuraje, da sanƙo, da giɓi, da ido ɗaya a rufe, ta gyara su ta mayar wa masu su, ba ta taɓa faɗa wa kowa yadda suka shigo ba. Akwai masu neman aiki da suka samu aiki da fuskar da ta ba su. Akwai waɗanda 'ya'yansu ke kallon hotonsu a falo suna cewa ashe Baba ya yi kyau da ƙuruciya, alhali Baba bai taɓa yi ba. Ba ta da yawan magana. Da safe in an taɓa ta sai ta ce “tiit,” sau ɗaya tak, ta kama aiki. In aiki ya yi nauyi sai a ji “ƙur-ƙur-ƙur” daga cikinta, tana tunani. In rana ta take, fankarta ta ɗauki “huuu,” ba ta ƙara komai a kai. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa cewa a kai ta gidansu ba.

Ba za a yi wa mamaciya ƙarya ba, a shekarunta na ƙarshe ta yi nauyin jiki. Mai Hoto yakan danna mata aiki, ya fita ya sayo shayi, ya gaisa da mai ɗinkin takalma, ya dawo ya tarar tana nan tana “ƙur-ƙur-ƙur.” Amma jinkiri ba cuta ba ne. Da an bar ta da nawarta, da yanzu tana nan.

Aikin da ta tafi ba ta gama ba na wata tsohuwa ne da layin ke kira Iya Mai Lema, saboda ko rana, ko ruwa, ko babu ko ɗaya, da lemarta take tafe. Wata uku da suka wuce ta shigo shagon da wani firam naɗe cikin tawul. Hoton mijinta ne, direban babbar mota, wanda ya rasu shekara talatin da ɗaya ke nan. Shi kaɗai ne hotonsa a duniya, don mutumin bai yarda da kyamara ba, sau ɗaya aka taɓa ritsa shi. Rufin ɗakinta ya yi yoyo, ruwa ya bi bango ya shiga bayan firam, hoton ya manne da gilashi, fumfuna ta kama shi daga kafaɗa tana hawa wajen fuska.

Ta ajiye shi a tebur ta ce, “Ɗana, ban zo ka ƙara masa kyau ba. Na ga abin da kake yi wa mutane. Nawa ka bar mini shi yadda yake. Kunnensa ɗaya ya fi ɗaya girma, kada ka kuskura ka daidaita su.”

“Wanne ne babban, Iya? Ruwa ya ci gefen nan.”

“Na hagu. Shekara ashirin ina tsokanarsa a kai.”

Mai Hoto ya ɗora hoton a sikana tare da gilashinsa, Uwar Ɗaki ta haɗiye fuskar Direba ɗigo bayan ɗigo. Ya ajiye ta wuri biyu, yadda ya saba da duk aikin da yake tsoro: ɗaya a faifan da ke cikin cikin marigayiya, ɗaya a wani faifan ajiya mai kwansonsa daban, wanda ke zaune can a kan kantar shago, ba ya haɗa shi da ita sai ƙarshen mako. Sannan ya gaya wa Iya gaskiya. In aka bar takardar a gilashi, fumfuna za ta cinye ta. In aka ɓamɓare ta, mai yiwuwa a ga kunnen da kyau, mai yiwuwa kuma ta ruguje.

“In ta ruguje fa?”

“Iya, yana wuri biyu. Ko ɗaya ya sami matsala, ɗaya na nan. Ni na gaya miki.”

Ta ce to ya ɓamɓare. Takardar ta ruguje a hannunsa kamar busasshen ganye, Iya ko gezau ba ta yi ba, don an ce mata yana wuri biyu. Tun daga ranar, duk Laraba sai ta zo, ta jingine lemarta, ta zauna a benci, a buɗe mata mijinta a allo. Ta ce, “Ina kwana, Direba,” sannan ta gaida mai shago.

Hoton Direba ya yi wa Uwar Ɗaki nauyi. Duk tabon fumfuna ɗaya da za a goge sai ta yi nishi. Mai Hoto ya ga in a haka aka tafi, shekara za ta ƙare ba a kai ga goshi ba, ga Iya kullum ƙara matsowa kusa da allo take yi saboda idonta na ja da baya. Sai ya yanke shawarar ƙara wa marigayiya ƙarfi da ɗan abin da ya tara. Ya je wurin Mai Gyara, wani mutum mai ƙarancin magana da ke ƙarshen layi, wanda shi ke duba ta tun tana yarinya.

Mai Gyara ya ce, “Abu uku take so. Ram, don ta riƙe aiki da yawa. Katin hoto, don ta yi sauri. Da akwatin wuta mai ƙarfi, don katin cin wuta gare shi. Ram ka sayi na hannu, ba komai, ko ya yi ko bai yi ba, ba ya cutar maƙwabcinsa. Kati ma in an gwada shi yini guda, saya. Amma akwatin wuta shi ke shayar da kowa a ciki. Ranar da ya haukace, da kowa yake tafiya. Wannan ko sabo, ko ka haƙura.”

Abin da ke hannun Mai Hoto ba zai kai ga sabon akwati ba sai an ƙara wata biyu. Ya ce zai jira. Ya dawo gida da wannan niyya mai kyau, ya tarar da baƙo a falo.

A nan ne sanarwa ke gabatar da wanda aka yi alkawarin faɗa. Yayan maiɗakin Mai Hoto ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ana ce masa Injiniya. Ba wata makaranta da ta ba shi wannan suna, shi ya ba kansa, ya sa aka rubuta a allon rumfarsa da manyan baƙaƙe, mutane suka gaji suka bi. Rumfar tana layin masu kayan kwamfuta na gwanjo, ta biyu a hannun dama, mai shuɗiyar ƙofa, yana buɗewa ƙarfe tara. A saman ƙofar akwai ƙaton hotonsa, ya harɗe hannu, gashi cike da kai, haƙora a jere, ciki a shafe. Gashin nan da haƙoran nan da cikin nan duk aikin marigayiya ne. Yini biyu ta yi tana “ƙur-ƙur-ƙur” a kansu, kyauta, saboda zumunci.

Da ya ji maganar sabon akwati sai ya ajiye kofin shayi ya yi dariya har da buga cinya.

“Sabo? Haba ƙanina! Wanda ya sayi sabo ai kwali ya saya. Abin da ke ciki duk ɗaya ne. Na hannu ma ya fi, don ya ga duniya, an gwada shi. Abin da ka tara ɗin nan, ni zan ba ka ukun duka, har ka sami na shan ruwa. Wata biyu? Tsohuwar nan mai lema ta gaya maka tana da wata biyu?”

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta shiga. Mai Hoto ya ce, “Yaya, Mai Gyara ya ce akwatin wuta kam…”

“Mai Gyara! Mutumin da shekara ashirin yana shago ɗaya ko allo bai yi ba?”

Maiɗakinsa ta leƙo daga ƙofar kicin ta ce, “Baban yara, yanzu sai ka tsallake Yaya ka kai wa bare? Me zan ce a gidanmu?”

Washegari Mai Hoto ya je rumfa mai shuɗiyar ƙofa. Injiniya ya zaro akwatin wuta daga ƙarƙashin tebur, yana sheƙi, an goge shi da mai, da sitika sabuwa dal a gefensa mai faɗin ƙarfinsa. Ya ce bari a gwada a gabanka, don ni ba na ciniki a duhu. Ya lanƙwasa wata 'yar waya, ya cusa bakinta biyu cikin ramukan fulogi, ya jona wuta. Fankar akwatin ta juya.

“Ka gani? Fanka na juyawa. Lafiya lau.”

Gwajin ke nan gaba ɗaya, bai kai a ƙirga goma ba. Haka ake gwada akwatin wuta a rumfar Injiniya, kuma ana roƙon mai karatu ya faɗa wa na kusa da shi. Fanka ko ta mahaukaci juyawa take yi.

Injiniya da kansa ya zo ya ɗaura kayan, don a cewarsa ba ya son baƙon hannu ya ɓata masa aiki. Ya buɗe cikin Uwar Ɗaki, ya cire tsohon akwatinta da bai taɓa yi wa kowa laifi ba, ya saka nasa. Yana shirin rufewa sai idonsa ya faɗa kan kanta.

“Wancan me yake yi a waje kamar maraya?”

“Faifan ajiya ne, Yaya. Da gangan nake raba su.”

“Raba su! Ga wuri a ciki fanko. A ciki ya fi sauri, ba jone-jone, ba ƙura. Kawo.”

Ya fasa kwanson, ya zaro faifan, ya ɗaure shi a cikin marigayiya kusa da ɗan'uwansa, ya jona su duka biyu a akwatin wuta ɗaya. Kwanson kuma ya jefa a jakarsa, ya ce ai yanzu ba shi da amfani a nan. Mai Hoto ya buɗe baki, ya tuna yayan matarsa ne, ya rufe. Wannan rufe bakin shi ne nasa laifin, kuma bai nemi a ɓoye shi ba. Ya ce a rubuta cewa kunyar suruki ta sa ya tsaya yana kallo aka mayar da wuri biyu wuri ɗaya, kuma duk sanda ya tuna sai ya ji kamar ya mari kansa.

Kwana uku marigayiya ta yi tana ƙuruciya. Kafin a danna ta gama. Mai Hoto ya goge fumfuna daga kafaɗa, ya fito da wuyan riga, ya dawo da gashin baki. Har ya fara tunanin ko ya zalunci Injiniya a zuciyarsa.

Ranar Laraba da hantsi Iya ta zo, ta jingine lema, ta gaida Direba. Saura kunnen hagu kawai. Mai Hoto ya faɗaɗa shi ya cika allo, yana bin gefensa a hankali, Iya ta matso har numfashinta na taɓa gilashi, tana cewa, “Yauwa, haka yake, kamar marfin tukunya.” Sai aka ji “ɗas!” Ba “tiit” ba, ba “ƙur-ƙur-ƙur” ba. Wata ƙara ce da marigayiya ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Allo ya yi baƙi. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta da warin ƙonanniyar roba. Fankarta ta ce “huu,” rabi, ta tsaya.

Iya ta dubi allon, ta ga fuskarta ita kaɗai a ciki. Ta ce, “Ɗana, ina ya tafi?”

Ya ce wuta ce, ta dawo mako mai zuwa.

Mai Gyara ne ya duba gawa. Ya kwance akwatin wutar. Waje sheƙi, ciki kuwa ƙura ta yi kauri kamar bargo, 'yan gwangwanayen ciki sun kumbura sun tsiyaye, ga busasshen kyankyaso a kwance a kusurwa, da alama ya riga kowa sanin halin akwatin. Ya sa farce ya ɓamɓare sabuwar sitikar. Akwai wata a ƙasanta mai faɗin ƙarfi ƙasa da na farko. Ya ɓamɓare ita ma. Akwai ta uku, ta asali, ta kamfani, kuma abin da ta faɗa ko rabin ta sama bai kai ba. Ya jera su uku a tebur. Sannan ya ɗauki faifan nan biyu, ya yi kwana huɗu a kansu, ya canja musu wannan, ya aro wancan, ya kasa kunne. Ranar ta biyar ya kawo su da kansa cikin leda.

“Sun tafi tare. Da ɗayan yana kan kanta…” Bai ƙarasa ba, ya ga fuskar Mai Hoto.

Mai Hoto ya ɗauki akwatin da sitika ukun ya nufi rumfa mai shuɗiyar ƙofa. Ana so a san cewa ya je da ladabi, ya yi sallama, ya gaishe shi. Ga abin da ya samu, kalma da kalma.

“Ayya, ƙanina, sai haƙuri. Kwananta ne ya ƙare. Ai ta tsufa.”

“Yaya, sitika uku ce a jiki.”

“Haka ya zo mini. Kayan gwanjo kuwa ka sani, ba garanti. Kuma a gabanka fanka ta juya ko ba ta juya ba? Ni ina zargin wutar shagonka.”

“Hoton mijin tsohuwar nan yana ciki. Babu wani.”

“To ka zana mata wani mana! Kai da ka yi mini gashi? Ɗauko fuskar kowa ka sa gashin baki, tsohuwa ce, ina za ta gane?” Ya gyara zama. “Yanzu dai ga shawara. Akwai wata kwamfuta nan da ta shigo jiya, tsaf take, zan yi maka farashin gida. Ita kuma gawar ka kawo mini. Ram ɗin da katin ƙila sun tsira, in goge su in sa a kanta, kada a yi asara biyu.”

Mai Hoto ya ɗaga kai ya dubi ƙaton hoton da ke saman ƙofa, ya sauke ido ya dubi mai hoton. Sai a ranar ya gane cewa abin da mutumin nan ke yi wa akwatunan wuta, shi ma ya yi wa fuskarsa, ya goge, ya shafa mai, ya liƙa sabuwar sitika, kuma mutane na ganin fuskar nan su yarda su shigo. Ya kwashe kayansa ya fita, zuciyarsa na tafasa.

Laraba ta zagayo. Ba wanda zai faɗa wa Iya sai shi, ya kuwa faɗa, a tsaye, bai ɓoye nasa laifin ba. Maiɗakinsa na shagon ranar, ta kawo masa abinci, ta ji komai. Iya ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ta daɗe tana kallon baƙin allon. Sannan ta ce a ba ta firam ɗinta. Ya ɗauko shi, katako da gilashi, babu komai a tsakani. Ta goge gilashin da bakin tawul, ta naɗe shi yadda ta kawo shi.

A bakin ƙofa ta juyo. “Ɗana, kai ka fi kowa kallonsa kwanan nan. Wanne kunnen ne babba? Tun jiya nake so in tuna.”

“Na hagu, Iya.”

“Na hagu,” ta ce. Ta fita tana maimaitawa, ta manta lemarta a jingine.

Maiɗakin Mai Hoto ta bi ta da lemar. Da ta dawo ba ta zauna ba. Ta jawo aljihun tebur, ta birkice shi, ta zaro wani ɗan katin kyamara da ya yi shekara huɗu a ciki, ta ajiye a gaban mijinta.

“Baban yara, ranar da ka ɗauki Yaya hoton allo, sau nawa ka ɗauka?”

“Arba'in.”

“Kafin gyara?”

“Kafin gyara.”

“Suna nan ciki. Akwai wanda atishawa ta kama shi. Shi za ka buga, kuma babba. In an tambaya a gidanmu, ni na ce.”

Marigayiya ta rasu ta bar allo guda, wanda tun ranar yake kallon bango bai ce komai ba. Ta bar linzami, wato maus, da madannai waɗanda haruffansu suka goge a hidimarta, da firinta da sikana da yanzu ba su da mai ba su umarni. Ta bar Mai Hoto, da maiɗakinsa, da yara uku. Ta bar tsohon akwatin wutarta na asali, wanda aka cire da ransa da lafiyarsa, kuma an sami labarin an riga an goge shi da mai yana kan kantar wata rumfa. Ta bar ɗan katin kyamara, ƙarami a jiki, wanda zai yi magana a madadin iyali. Ram da katin hoto ba a lissafa su cikin magada ba, kwana uku suka yi a gidan, kuma tare da makashi suka shigo.

Ga tsarin jana'iza. Za a ɗauko gawa daga shago ranar Asabar, ranar da layin gwanjo ya fi cika, a cikin baro, lulluɓe da farin ƙyallen da ake rataya wa masu hoton fasfo. Ba za a bi gajeriyar hanya ba. Za a sauke ta a gaban rumfa ta biyu a hannun dama, mai shuɗiyar ƙofa, daidai inda mai shiga sai ya ratsa ta gefenta. An riga an yi magana da mai rumfar da ke fuskantarta, ya ba da inuwa da benci biyu, ya ce shi ma yana da nasa labarin.

Za a rataye akwatin wutar a buɗe, da kyankyasonsa, da sitikarsa uku a jere, Mai Gyara zai tsaya kusa don mai neman bayani. A gefensa za a kafa hoton Injiniya na gaskiya, girmansa ɗaya da na saman ƙofa, ba a taɓa ko ɗigo ba, don masu ta'aziyya su ɗaga kai su sauke su gwada. Wani mai firinta a wani layi ya buga shi, ya ƙi karɓar ko sisi bayan ya ji dalili. Duk mai shirin shiga rumfar za a tare shi da ladabi, a ba shi wuri, a ba shi labari daga farko. Mai Hoto ya ce ba ya gajiya da maimaitawa.

Bayan haka za a sa guduma a farfasa ram da katin hoto da duk abin da ake zaton ya tsira, a gaban mai rumfa, don kada wani yanki na marigayiya ya kwana a kantarsa da sabuwar sitika. Faifan nan biyu kaɗai ba za a taɓa ba. Iya ta ce a ba ta su, tunda an ce a ciki yake.

Ana roƙon masu zuwa kada su kawo shawara, kada su kawo kayan hannu, kada kuma kowa ya ce wa Mai Hoto ai ɗan'uwa rabin jiki ne. Ya ji, ya gode, wannan rabin ne ya ƙone.

Iya Mai Lema ce za ta zauna a gaba, a kujera mai hannu, daidai ƙofar, da firam ɗinta a cinya yana kallon cikin rumfa. Duk wanda ya tambaye ta hoton wane ne wannan, ta ce za ta nuna masa mai rumfa, shi zai kwatanta, tunda ya ce fuskar kowa ma ta yi. An tambaye ta kwana nawa za a yi ana zaman, ta ce ita ba ta da inda take zuwa ranar Laraba yanzu, balle sauran ranaku.

Za a fara ƙarfe tara daidai, lokacin da yake buɗewa. Akwai wurin zama wadatacce. Abu ɗaya kawai iyali ke roƙo, komai cikar wurin, kada kowa ya tsaya tsakanin Injiniya da firam ɗin.